Tambaya da Amsa: Masu GTA, masu Minecraft, da masu yawo a daji a kan doki

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan gem ɗin nan ne masu faɗin duniya, irin waɗanda ake sakinka a gari ko a daji a ce je ka yi abin da ka ga dama, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya tunda amsar wani tana taɓa ta wani. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah ka raba mana gardama. Ni ɗalibi ne a BUK ina zaune a Dorayi, kullum sai mun yi musu da abokina a ɗaki, ni Minecraft nake bugawa shi kuma GTA (Grand Theft Auto) San Andreas, wai Minecraft gem ɗin yara ne ba labari ba mishan ba komai sai ɗaukar bulo, ni kuma nace masa nasa ai satar mota ne da gudun 'yan sanda kawai kuma yau shekara nawa yana maimaita abu ɗaya. Tsakani da Allah wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Gardamar nan ba za ta ƙare ba in dai a haka kuka ɗauko ta. Eh duka biyun ana sakinka ka nufi inda kake so, ba wanda zai ce sai ka bi layi ɗaya daga lebul na farko zuwa na biyu, amma abin da nake so ku duba shi ne, in ka kunna gem ɗin wa yake yanke maka abin da za ka yi yau?

A San Andreas kamfanin Rockstar ne ya riga ya gama gina komai tun 2004 da ya fito a na'urar PlayStation 2 (PS2), garuruwa uku, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, waɗanda aka kwaikwayo daga Los Anjalas da San Faransisko da Las Begas na Amurka, ga ƙauyuka da hamada a tsakaninsu, aka ba ka CJ wanda ya dawo gida bayan an kashe mahaifiyarsa, aka jera maka mishan wannan na bin wannan. 'Yancinka yana tsakanin mishan da mishan ne, ka je jim CJ ya yi ƙwanji, ka ɗura masa abinci har ya yi teɓa, ka yi aski, ka ɗau tasi ka yi haya, ka koyi tuƙin jirgin sama, ka tsokano 'yan sanda har tauraro shida na alamar ana nemanka su cika. Amma fa ko katanga ɗaya ba za ka iya rushewa a Grove Street, layin su CJ, ka gina taka ba, yadda ka samu garin haka za ka bar shi.

Minecraft kuwa wani ɗan ƙasar Suwidin ne Markus Persson ya fara shi a 2009, cikakkensa ya fito a 2011, kuma duniyarsa ba da hannu aka zana ta ba, duk sanda ka buɗe sabuwa na'urar ce take ƙirƙiro maka duwatsu da koguna da dazuka daga wata lamba, shi ya sa taka ba irin ta abokinka ba ce sai in lambar ɗaya kuka saka. Kusan kowane bulo za ka iya fasa shi ka ɗauke ka kai wani wuri. Ka ga San Andreas kamar an sauke ka ne a tsakiyar Kano an miƙa maka makullin mota, Minecraft kuma an ba ka fili a bayan gari babu ko shinge an ce ga shi nan sai yadda ka yi da shi. Wani in aka ba shi filin daɗi zai ji, wani kuma tsayawa zai yi yana dube-dube yana jiran a ce masa ga aiki, kuma wannan ba maganar yaro da babba ba ce, hali ne.

Zancen wai na yara ne, ka faɗa wa abokinka a 2014 Microsoft ta sayi kamfanin Mojang mai Minecraft a kan dala biliyan 2.5, kuma a 2023 aka sanar an sayar da sama da kwafi miliyan 300, GTA V (wato GTA 5) ma da ya wuce miliyan 200 a bayansa yake. Sannan akwai jar hodar nan redstone da take aiki irin na wayar lantarki a ciki, mutane sun haɗa kalkuleta mai aiki da ita, wasu har ƙaramar kwamfuta. Kuma yana da ƙarshe ga mai son ƙarshe, akwai dodon da ake kashewa, illa dai ba wanda zai tura ka.

Kai ma kar ka raina nasa. Tsara gari mai rai, da rediyon mota, da mutanen da za ka ji haushinsu da gaske in sun ci amanar CJ, ba ƙaramin aiki ba ne, duk wanda ya sha wahalar mishan ɗin bin jirgin ƙasa a babur tare da Big Smoke, abokin CJ, ya san yadda gem ɗin yake kama zuciya. Wani malami ɗan Ingila Richard Bartle ya yi rubutu a 1996 a kan masu buga gem tare ta intanet, ya ce akwai masu neman cin nasara da tara maki, akwai masu son leƙa kowane lungu su ga me ke can, akwai waɗanda hira da jama'a ta kawo su, sai kuma masu jin daɗin murƙushe wani. Gem ɗin da ya yi nazari a kansu na rubutu ne zalla ba hoto, amma har yau in ka shiga shagon gem za ka ga duk huɗun. In ni za a tambaya ina ɓangarenka, saboda San Andreas in ka gama labarin ka gama, Minecraft kuwa sai ranar da dabara ta ƙare maka. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, ku yi musaya na sati ɗaya ku gani.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni mace ce daga Rijiyar Zaki, ina buga Minecraft a waya amma kiriyetib kawai, wato tsarin gini zalla, bana son faɗa bana son abin da zai biyo ni da dare, na gina gidanmu na gina masallaci yanzu ina ƙoƙarin yin Ƙofar Nassarawa, yayyena suna min dariya wai ba gem nake ba zane nake. Kuma gaskiya kwanan nan na fara gajiya, komai akwai shi kyauta ba wahala. Me zan yi?

AMSA: Ƙanwata gem kike bugawa, kuma irin wanda nake girmamawa. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a ta haɗa kai da Mojang a wani shiri mai suna Block by Block, ana ba mutanen unguwa Minecraft su zana yadda suke son filin wasansu ko kasuwarsu ta kasance kafin a gina na gaske, an fara ne a unguwar Kibera ta Nairobi a Kenya. Wato abin da kike yi a ɗaki wasu da shi suke tsara unguwa.

Gajiyar da kika ji kuma na gane ta, tana zuwa ne daga rashin tsada. In bulon zinare da na ƙasa duk danna yatsa ɗaya ne, ginin ba ya shiga rai. Ki buɗe sabuwar duniya a sabaibal, tsarin da sai kin nemi komai da kanki, amma ki sa wahalar a kan fisful, mataki mafi sauƙi, a nan mugayen halittun ba sa fitowa, yunwa ma ba ta damunki, amma kowane itace sai kin sara, ƙarfe sai kin haƙo kin narka, gilas sai kin ɗebo yashi kin gasa. Wallahi ɗaki ɗaya da kika gina a haka ya fi miki fada guda a kiriyetib. Don ginin gargajiya irin namu ki nemi bulon laka da ake yin tubali da shi, da jar ƙasar da ake samu a yankin tsaunuka masu launi, su suka fi kama da jikin ganuwa, zankwayen saman soro kuma ki yi su da matakala da rabin bulo. Ki samu hotunan Gidan Makama ki ajiye a gefe ki riƙa kallo, za ki ga ido yana buɗewa a kan abin da kullum muke wucewa ba ma lura.

In kina son canji gaba ɗaya akwai Stardew Valley, mutum ɗaya ne Eric Barone ya yi shi shi kaɗai ya fito a 2016, gona ce da kiwo da kamun kifi da hulɗa da mutanen ƙauye, yana kan waya kuma ba ya buƙatar data in kin sauke. Faɗan da ke ciki yana cikin ramin haƙar ma'adinai ne, kina iya rage shiga.

TAMBAYA: Malam na tara kuɗi na sayi PS4 na hannu, kowa yana ta zuzuta Red Dead Redemption 2 na sa aka saka min, wallahi barci yake sa ni. Mutumin tafiya a hankali, buɗe durowa a hankali, dusar ƙanƙara ta ƙi ƙarewa, ka hau doki minti goma ba abin da ya faru. Ni da na saba da GTA 5 ina ta gudu da mota. Ni ne ban gane ba ko kuwa yabon ne ya yi yawa? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

AMSA: Alhaji ka gane sarai, abin da ka gani haka yake kuma da gangan aka yi shi. Kamfani ɗaya ne ya yi su biyun, GTA V a 2013, Red Dead 2 a 2018, amma abin da suke nema a wajenka ya bambanta. A GTA V mutum uku aka ba ka, Michael da Franklin da Trevor, in wannan ya ishe ka ka tsallaka wajen wancan, komai an yi shi ne don kar ka zauna shiru ko na minti ɗaya. Red Dead kuwa an kai ka Amurka ta shekarar 1899 a jikin Arthur Morgan, ɗan gungun 'yan fashin da zamani yake ƙarewa a kansu, kuma so ake ka ji nauyin rayuwar, shi ya sa dokinka sai ka goge shi ka ba shi abinci kafin ya saba da kai, bindiga tana datti sai ka share, gemu yana tsirowa, in ka harbi dabba da makamin da bai dace ba fatar ta lalace kuɗinta ya faɗi. Mai son wannan ba mishan yake bi ba, zama yake a duniyar. Zai bar labarin ya tafi farauta, ya tsaya taimakon wanda maciji ya sara a hanya, daga baya ya gamu da mutumin a gari ya ce masa shiga shago ka ɗauki abu ni zan biya. Irin wannan ne yake sa mutane suke yabonsa, kuma ba ya zuwa sai ga wanda ya rage gudu.

Shawarata ka daure ka fita daga babin dusar ƙanƙarar, shi ne babi na farko kuma a nan aka fi ɗaure mutum, in kun sauko sansani na biyu kusa da garin Valentine duniyar take buɗewa. In ka yi kwana biyu a nan har yanzu hamma kake, ka bar shi ba laifi, mutumin da ya wuni a kasuwa ya dawo da awa ɗaya a hannunsa yana da hakkin neman abin da zai ba shi daɗi nan take.

Tunda maganar ta zo bari in ƙara wani rabe-raben da ba a cika faɗa ba, wato yadda gem yake nuna maka hanya. Akwai masu cika taswira da alamomi, irin yawancin Assassin's Creed da Far Cry na kamfanin Ubisoft na Faransa, ka hau dogon gini taswirar ta buɗe, alamomi su zubo, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana sharewa. Mutane da yawa suna son haka don hankali kwance ake yi kuma kullum ka san ka ci gaba. Ni dai yana gajiyar da ni, don sai in ga idona yana kan ƙaramar taswirar kusurwa ba ya kan garin da aka sha wahalar ginawa. Duk da haka Assassin's Creed Mirage na 2023 ya cancanci ka gani, Bagadaza ce ta ƙarni na 9 zamanin Abbasiyawa, da kasuwanninta da masallatanta, kuma kana iya sa muryoyin su koma Larabci.

Ɗaya ɓangaren su ne masu cewa ga dutse can, in ya ba ka sha'awa je ka. Zelda Breath of the Wild na Nintendo da ya fito a 2017 shi ne babban misali, da ka gama yankin koyo na farko kana iya miƙewa kai tsaye wajen babban abokin gaba in ka isa, kuma duniyar tana da ƙa'idojin da ba sa canzawa, wuta tana cin ciyawa iskar zafin ta ɗaga ka sama, in ana tsawa kana riƙe da takobin ƙarfe aradu za ta faɗo maka, in ana ruwa dutse yana santsi ba ya hawuwa. Saboda haka matsala ɗaya mutum goma kowa da yadda zai warware ta, kuma dabarar taka ce ba wadda aka rubuta maka ba. A wajena wannan shi ne ƙololuwar irin gem ɗin nan. Sai dai na na'urorin Nintendo ne, ba ya kan PS4. Wanda yake kan PS4 mai irin wannan ruhin shi ne Elden Ring na 2022 daga kamfanin FromSoftware na Jafan, amma shi ba ya wasa, kana fitowa fili za ka ga wani ƙaton jarumi a kan doki sanye da sulken zinare, yawancin sababbi suna tunkararsa ya gama da su, darasin shi ne ka zagaye shi ka je ka yi ƙarfi ka dawo. In haƙurinka bai kai na Red Dead ba, kar ka sa kuɗinka a nan tukuna.

TAMBAYA: Slm, wayata ram 3 ce, na ga bidiyo a YouTube ana buga GTA 5 a Android an sa link, na yi dawunlod sau biyu data ta ƙare bai buɗe ba yana cewa sai na yi berifikeshan. Ya zan yi? Daga Sharaɗa.

AMSA: Ka goge shi yanzu. Rockstar ba ta fitar da GTA V na waya ba, abin da kake gani ko dai bidiyo ne aka ɗora a kan allo, ko San Andreas aka canza wa fenti, ko kuma manhajar ɓarayi ce da za ta nemi izinin karanta saƙonninka, kuma a cikin saƙonnin nan lambobin banki suke shigowa, garin neman gira kar a rasa ido. GTA ɗin da suka fito a waya da gaske akwai GTA III da Vice City da San Andreas wanda ya zo waya a 2013, kuma na kuɗi ne. Da ram 3 Minecraft zai yi in ka rage nisan da yake nuna maka a setin, Terraria ma zai yi lafiya lau, shi ta gefe ake kallonsa amma ya fi Minecraft yawan makamai da dodanni. In kyauta kake so akwai Luanti wanda da ake kira Minetest, ginin bulo ne shi ma. Genshin Impact kyauta ne kuma yana da kyau amma ya fi ƙarfin wayarka, kullum sai da data, kuma tsarin sayen jarumansa na sa'a ne, ka biya ba ka san me zai fito ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Hotoro, ɗana shekararsa 10, yayansa ya saka masa GTA a waya, na leƙa na ga yana duka mutane a titi yana ƙwace mota. Da na yi magana sai yace ai duk 'yan ajinsu suna yi. Ni ban san kan abin nan ba, in hana shi gaba ɗaya ne ko yaya?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. GTA kam ki cire, ba na shakka a wannan. Su kansu waɗanda suka yi shi ba don yara suka yi ba, a Turai an yi masa alamar shekara 18, a Amurka 17, kuma abin da kika gani kaɗan ne, akwai ƙwaya da caca da gidajen rawa da zagi mai nauyi a cikin labarin. Yayan nasa ma a zaunar da shi a yi masa magana.

Amma kar ki tsaya a cirewa kawai, don zai je gidan abokai ya buga. Abin da yake jan yaro a GTA yawanci ba dukan ba ne, 'yancin ne, a ce yau shi ne da mota shi ne da gari ba mai ce masa zauna. Ki ba shi wannan 'yancin a wuri mai tsafta. Minecraft alamar shekara 7 gare shi a Turai, ana buga shi ba data, kuma za ki iya cewa ya gina miki gidan kakarsa ya nuna miki. Roblox kuma da yara suke so yanzu ki sa ido sosai, shi ba gem ɗaya ba ne, dandali ne da mutane suke ɗora nasu, akwai mai kyau akwai marar kyau, ana hira da baƙi a ciki, kuma akwai kuɗinsa Robux da ake saya da kuɗin gaske, don haka kar katin bankinki ya zauna a wayar.

Sai lokaci. Gem ɗin ƙwallo alƙali yana hura tashi, irin waɗannan kuwa ba su da tashi, kullum akwai saura kaɗan in gama, to ke ce za ki zama mai hurawa. Kwana ɗaya a Minecraft, dare da rana, minti 20 ne, kina iya ce masa kwana uku na ciki ya ajiye, awa ɗaya ke nan, kuma bayan an dawo daga Islamiyya an yi aikin gida, in an kira salla a ajiye ko ana tsakiyar me. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma ba yawan so take nufi ba, tana nufin wanda ya kasa tsayawa, ya fifita gem a kan karatu da barci da mutane, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma abin ya ɗau kamar shekara. Daga bayaninki ɗanki bai kai nan ba.

TAMBAYA: Oga ina da shagon gem a Kurna, talabijin huɗu. Na saka GTA da su Far Cry amma kowa ƙwallo yake bugawa, in wani ya ɗau GTA sai ya saka kod ya yi ta harbi minti goma ya tashi. Asarar wuri na yi?

AMSA: Ba ka yi asara ba, tsarin shagon ne bai dace da su ba. Ƙwallo mutum biyu ne, minti kaɗan an gama, wanda aka ci ya ba da hannu, 'yan kallo suna ihu, kuɗi yana shigowa wasa bayan wasa. Gem ɗin yawo kuwa mutum ɗaya ne, yana son awanni, kuma daɗinsa yana cikin ci gaba daga inda ka tsaya jiya, to wanda ya san gobe wani zai zo ya taka masa sebin me zai sa ya fara labari? Dole ya saka kod ya yi ɓarna ya tashi, ba wai shi ke nan abin da yake so ba. Ka ware talabijin ɗaya ka riƙa karɓar kuɗi da awa, ka buɗe wa kwastomomin da suke zuwa kullum kowa da akawun ɗinsa a na'urar, PS4 tana ɗaukar har 16, kowa sebin ɗinsa daban, za ka ga suna dawowa da rana lokacin da shago yake shiru. Ka gwada Minecraft ma, a na'ura ana raba allo har mutum huɗu, yara huɗu a talabijin ɗaya. Ka riƙa tuna musu su yi sebin kafin a sauya daga wuta zuwa janareto. GTA kuma don Allah a bar wa manya.

TAMBAYA: Malam ni ɗan cikin gari ne, gidanmu gidan doki ne, duk Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da mu ake yi. Ba ruwana da mota ko bindiga, akwai gem ɗin da zan hau doki in tara runduna? Laftof ɗina tsohuwa ce.

AMSA: Akwai, kuma kamar don kai aka yi shi, Mount & Blade Warband. Kamfanin TaleWorlds na Ankara a Turkiyya ne ya fitar da shi a 2010, kuma asalin gem ɗin mata da miji ne suka fara shi. Hotonsa ya tsufa, fuskokin mutanen ba kyau, amma tsohuwar laftof tana ɗaukarsa, ba kamar Red Dead 2 da yake neman giga 150 na wuri a kwamfuta ba. Babu wani labarin da za a ja ka a kai, ana sakinka ne a ƙasar Calradia da doki da ɗan guzuri, masarautu shida suna yaƙi da juna, ciki har da ta Sarranid ta hamada mai sarkin musulmi da mayaƙan doki masu sulke. Kai za ka zaɓa, ka zama fatake kana sayen kaya a gari mai araha kana kaiwa inda suke tsada, ko ka shiga gasar sukuwa da mashi ka tara suna, ko ka bi ƙauyuka kana ɗiban samari kana horar da su har su zama barade, ka yi mubaya'a ga sarki ya ba ka ƙauye ko ganuwa ka riƙe, in ka ji ka isa ka ɓalle ka kafa taka sarautar. Duk sati sai ka biya dakaru albashi kuma sai ka ciyar da su, in ba haka ba su gudu su bar ka.

Abin da zai fi burge ka shi ne gudun doki yana ƙara wa sara ƙarfi, mashin da ka soka a guje ba ɗaya yake da wanda ka soka a tsaye ba, kuma in aka kashe dokinka a tsakiyar fili ka koma ɗan ƙasa. Na biyunsa Bannerlord ya fito cikakke a 2022, ya fi kyau nesa amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Warband yana karɓar mod sosai, wato gyaran da masu bugawa suke yi wa gem da kansu, mutane sun mayar da shi zamunna da ƙasashe iri-iri, kuma ina fata cikin yaranmu masu karatun kwamfuta a samu waɗanda za su zauna su yi na ƙasar Hausa, da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, da lifidi da kwalkwali da 'yan baka, don tsarin gem ɗin na hakimai da sarki da ganuwa ya riga ya dace.

In ka fara, kar ka tunkari 'yan fashin teku na arewacin taswirar da wuri, suna da sulke da gatarin jifa. Ka fara da ƙananan ɓarayin hanya har mutanenka su kai ashirin su ɗan ƙware, ka sayi abinci kala biyu ko uku don yana ɗaga musu ƙwarin gwiwa, kuma ka ajiye doki na biyu a kaya saboda na farkon yana iya gurguncewa.